Idon da Ba Ya Karɓar Na Goro: A Kafa Kyamarar Auna Gudu a Manyan Titunanmu

Kwanakin baya na shiga motar haya ƙirar Sharon daga Kano zuwa Zariya, kuma da yake na riga kowa isa tasha sai na samu kujerar gaba, inda malejin motar yake a gaban idona. Muna wuce Kura direban ya danna totur, allurar ta haura 120, ta taɓa 140, ta zauna a nan tana rawa. Wata dattijuwa da ke baya riƙe da jikarta ta ce, "Direba, don girman Allah ka sassauta, akwai yara a motar nan." Bai ko waiwayo ba ya ce, "Hajiya, ki ci gaba da addu'a kawai, tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Wani saurayi da ke kusa da ita ya ƙara da cewa a bar direba ya yi aikinsa, kowa sauri yake yi. Ni kuwa ban ce uffan ba, kuma har yau shirun nan yana damuna. Can gaba sai motocin da ke tahowa a ɗaya hannun suka riƙa kunna mana fitila suna kashewa, direban ya gane akwai jami'ai a gaba, ya dawo da allurar ƙasa da 80, ya wuce su a natse yana ɗaga musu hannu. Ba mu yi nisan da za su ɓace mana a madubi ba ya koma gudun da yake yi.

Abin da na gani a wannan tafiya shi ya sa nake goyon bayan a kafa kyamarorin auna gudu a manyan titunan Arewa, a kuma gyara dokar tara yadda za ta yi cizo. Direban nan ya san doka sarai, ya kuma san haɗarin abin da yake yi, domin babu direban da ya shekara biyu a kan wannan hanya bai taɓa tsayawa an ciro gawa daga cikin mota a gabansa ba. Abin da ya rasa shi ne dalilin da zai sa ya bi dokar a wurin da babu idon da ke kallonsa.

Shekaru da yawa ramuka ne suka riƙa taka wa direbobinmu burki. Titin Abuja zuwa Kano ta Kaduna da Zariya, mai tsawon kilomita 375, ya lalace har ya zama abin kuka, kuma da aka gyara ɓangaren Kaduna zuwa Zariya da na Zariya zuwa Kano kowa ya yi hamdala. Sai dai santsin titi ya zo da nasa bala'in, domin motar da a da take lallaɓawa tsakanin ramuka yanzu ta samu fili, ga ta tsohuwa, ga tayoyinta na hannu ne da aka gama cin moriyarsu a wata ƙasa, ga lodi ya wuce ƙa'ida. Mutanen Kano ba za su manta da ranar 31 ga Mayun 2025 ba, ranar da motar da ta ɗauko tawagar 'yan wasan jihar daga gasar wasanni ta ƙasa da aka yi a Ogun ta faɗa ƙasan gada a yankin Ciromawa, fiye da mutum ashirin suka rasu, saura ƙiris su iso gida. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta danganta abin da gajiyar tafiyar dare da kuma gudu. Wannan haɗarin ya ja hankali saboda yawan mamatan da kuma sunan tawagar, amma irinsa ƙanana, na mutum uku da mutum biyar, suna aukuwa ba tare da sun shiga labarai ba. Alƙaluman hukumar suna nuna cewa sama da mutum 5,000 ne ke mutuwa a titunan Najeriya kowace shekara, kuma waɗanda aka iya ƙirgawa ke nan, ban da wanda danginsa suka ɗauke shi daga bakin titi suka yi masa sutura kafin wani jami'i ya iso, ban da wanda ya cika a asibiti bayan mako guda. A rahotannin hukumar, gudun wuce sa'a ne ke kan gaba a jerin musabbaban haɗurra shekara bayan shekara.

Ya kamata mu yi lissafin abin da gudun yake saya mana da abin da yake karɓa. Daga Zariya zuwa Kano kimanin kilomita 137 ne. Mai tafiya a kan 100 zai cinye ta cikin minti 82, mai tafiya a kan 140 kuma cikin minti 59, idan ma an ɗauka babu abin da ya tare shi ko sau ɗaya. Ribar duka minti 23 ce. A ɗaya ɓangaren, motar da ke kan 140 tana shafe kusan mita 39 a kowace daƙiƙa, wato kafin ƙafar direba ta tashi daga totur ta sauka a kan burki ya riga ya wuce tsawon motoci bakwai ko takwas. Ƙarfin karo kuma ba daidai da ƙarin gudu yake ƙaruwa ba, ninkawa yake yi, ta yadda motar da ta daki abu a kan 140 tana dukansa da ƙarfin da ya kusan ninka na wadda ke kan 100 sau biyu, haka nan tazarar da take buƙata kafin ta tsaya cak. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana nanata cewa duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudun motoci yana ƙara yiwuwar haɗarin da ake rasa rai da kashi 4 cikin 100. Idan tayar gaba ta fashe a kan 90 ƙwararren direba yana iya riƙe sitiyari ya gangara gefe, idan kuwa a kan 140 ta fashe, ƙwarewa ba ta da sauran aiki.

Doka dai muna da ita. Tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma ƙa'idar tuƙi ta ƙasa ta fayyace komai: a babban titi mai hannu biyu motar gida ba za ta wuce 100 ba, tasi da bas 90, tanka da tirela 60, a cikin gari kuma ƙananan motoci 50. Matsalar tana wajen hukunci. Tarar da jadawalin dokar hukumar ta 2007 ya yanka wa wanda ya karya ƙa'idar gudu naira 3,000 ce, kuɗin da a yau bai kai na lita biyar ta fetur ba. An kuma gwada tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu, aka fara da gargaɗi a watan Oktoban 2016, aka shiga kame a Fabrairun 2017, amma duk mai shiga motar haya ya san yadda maganar ta ƙare, domin na'urar da ke cikin motar mutum, a hannun bakanikensa, ba ta da wuyar kwancewa. Sai kuma babban raunin, wanda shi ne ciniki a bakin titi. Ba na cewa kowane jami'i yana karɓar na goro, akwai masu gaskiya da ke tsayawa cikin rana suna aikinsu, su ne ma ke kwasar waɗanda suka jikkata. Amma muddin hukunci yana hannun mutum ɗaya da ke tsaye a gaban mai laifi, to akwai ƙofar roƙo, akwai ta "ranka ya daɗe a yi haƙuri", akwai ta kiran wani babba a waya a miƙa wa jami'i, akwai kuma ta "ka san ko ni wane ne?" Direba ya san da waɗannan ƙofofi duka, shi ya sa ba ya tsoron dokar.

Amfanin kyamara shi ne tana toshe waɗannan ƙofofi. Ba ta gajiya, ba ta tashi daga aiki da magariba, ba ta san ɗan wane ba, kuma ba a miƙa mata waya. Faransa misali ce da ta cancanci a duba, domin su ma sun yi fama da irin cutarmu ta neman alfarma, inda mai hanya yake sa a soke masa takardar tara. A farkon shekarun 2000 kimanin mutum 8,000 ke mutuwa a titunansu duk shekara. A Yulin 2002 Shugaba Jacques Chirac ya ayyana kiyaye haɗurra a matsayin ɗaya daga cikin manyan ayyuka uku na wa'adinsa, a ƙarshen 2003 aka fara kafa kyamarorin da ke aiki da kansu, hoton yana tafiya kai tsaye zuwa cibiya guda a birnin Rennes, takardar tara kuma ta iske mai mota a gida ba tare da ta bi ta hannun ɗan sandan unguwa ba. Zuwa 2010 adadin mamatan ya sauka ƙasa da 4,000. Ba kyamara kaɗai ta yi wannan aiki ba, an inganta motoci, an matsa wa masu tuƙi cikin maye, amma raguwar gudu ita ce kan gaba, kuma abin da ya rage gudun shi ne direba ya tabbata cewa idan ya yi za a gan shi, idan an gan shi kuma zai biya.

Irin kyamarar da za a kafa ma abin lura ne. Wadda ke tsaye a wuri guda tana auna gudun mota a daidai inda take, cikin mako ɗaya duk direbobin hanyar za su haddace wurinta, su riƙa yi mata abin da direbanmu ya yi wa jami'ai. Wadda ta dace da dogayen titunanmu ita ce mai auna matsakaicin gudu tsakanin wurare biyu: ɗaya ta ɗauki lambar mota da lokacin wucewarta, a ce a Kura, ɗaya ta sake ɗauka a Kwanar Ɗangora, kwamfuta ta raba nisan da lokacin. Wanda ya iso da wuri fiye da yadda ƙa'ida ta yarda, shi ya ba da shaida a kan kansa. Italiya ta fara amfani da irin wannan tsari a manyan titunanta a 2005, kuma kamfanin da ke kula da titunan ya ba da rahoton cewa mace-mace sun ragu da kusan rabi a shekarar farko a sassan da aka sanya shi.

Na san abin da mai karatu zai ce, domin ni ma na faɗa wa kaina: wannan wata sabuwar hanyar tatsar talaka ce. Wannan tsoro yana da tushe, kuma duk wanda ya yi watsi da shi bai san ƙasar nan ba. Mun sha ganin yadda aikin kula da zirga-zirga yake rikiɗewa ya koma aikin tara kuɗin shiga, har a riƙa auna ƙwazon jami'i da yawan abin da ya kawo. A farkon 2025 gwamnatin Legas ta sanar da kafa kyamarori a wasu titunanta tare da tarar naira 50,000 ga wanda ya wuce ƙa'idar gudu, ana aika masa saƙo ta waya. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, wannan tara tana iya durƙusar da gida guda, alhali ga wani ba ta kai kuɗin cin abincin rana ba. Ko a Faransa, da aka rage ƙa'idar gudu a titunan karkara zuwa 80 a 2018, mutane suka ɗauki kyamara a matsayin akwatin karɓar haraji, kuma a lokacin zanga-zangar adawa da gwamnati da ake kira ta masu riguna ruwan ɗorawa an lalata fiye da rabin kyamarorin ƙasar. A Ruwanda ma, inda jama'a suka laƙaba wa kyamarorin suna Sofiya, koke ya yi yawa a 2021 a kan tarar da ake ci a wuraren da ƙa'idar gudun ta yi ƙasa ainun, har sai da Shugaba Paul Kagame ya nemi 'yan sanda su sake duba lamarin.

Darasin da na ɗauka daga waɗannan shi ne kyamara tana rayuwa ne da amincewar jama'a, kuma amincewar tana da sharuɗɗa. Wurin da za a kafa ta, yawan jinin da aka zubar a wurin ne zai zaɓe shi, ba yawan kuɗin da za a samu ba, kuma hukuma tana da bayanan wuraren da haɗari ya fi aukuwa, sai ta buga su kowa ya gani. A kafa manyan alluna da Hausa da Turanci, har da ajami in da hali, masu sanar da direba cewa akwai kyamara a gaba da kuma gudun da aka yarda da shi, domin manufar ita ce ya rage gudu, ba a kama shi ba, kuma kyamarar da ta yi wata guda ba ta ci kowa tara ba ita ce ta fi kowace cin nasara. Kuɗin da aka tara kuma a killace shi ga motocin ɗaukar marasa lafiya, da sassan kula da waɗanda suka yi haɗari a asibitocin da ke bakin hanya, da gadojin tsallaka titi, a riƙa bayyana lissafinsa. Kada a ba wani ɗan kwangila kaso a cikin kowace tara, domin ranar da aka yi haka an ba shi dalilin so a ci gaba da karya doka. Sannan a buɗe wa wanda aka ci tara bisa kuskure hanya mai sauƙi ta ƙalubalantar hukuncin, ba sai ya bar sana'arsa ya kwana uku yana zarya a ofis ba.

Akwai aikin da dole a yi kafin a kafa ko da kyamara ɗaya, wato gyaran rajistar motoci. Kyamara lamba take gani, ba fuska ba. A wurinmu mota tana iya sauya hannu sau huɗu takardunta suna ɗauke da sunan mai ita na farko, wanda wataƙila ma ya rasu. Wasu motocin lambarsu ta goge, wasu babu ita sam, wasu kuma, kuma su ne suka fi ba ni takaici, an lulluɓe lambar da baƙar fata don a nuna cewa mai motar ya fi ƙarfin a tambaye shi. Idan aka kafa kyamara a haka, malamin makaranta da ƙaramin ɗan kasuwa da suka yi rajista tsakani da Allah su ne za su riƙa biya, masu rufaffiyar lamba su wuce abinsu. Sai an ɗaure kowace lamba da lambar shaidar ɗan ƙasa da lambar wayar mai motar na yanzu, an hana sabunta takardu sai an biya tarar da ke kai, an kuma ɗauki rufe lamba a matsayin laifin da ya fi gudun kansa girma.

A nan ne maganar ayarin manya take shigowa. A Nuwamban 2013 Farfesa Festus Iyayi, tsohon shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i, ya rasu a kusa da Lakwaja yana kan hanyarsa ta zuwa taro a Kano, bayan wata mota daga ayarin gwamnan Kogi na lokacin ta yi karo da motar da yake ciki. Duk wanda ya taɓa kaucewa gefen titi don jiniya ya san gudun da waɗannan ayari suke yi. Idan dokar kyamara ta keɓe su, to ta mutu tun ranar da aka haife ta, domin direban tasha ba zai girmama dokar da ya ga masu yin ta suna takawa ba. Ban da motar asibiti da ta kashe gobara da jami'an tsaro a bakin aikin gaggawa, kowace mota ta shiga, kuma a riƙa buga adadin tarar da motocin gwamnati suka jawo.

Game da direban haya kuwa, adalci ya sa a faɗi abin da ke kora shi. Mafi yawansu ba su ne masu motar ba. Akwai balas da zai kai wa mai mota kullum, akwai kuɗin tasha da na kamasho, ga fetur da ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafi a 2023, saboda haka lissafinsa shi ne ya yi sawu biyu ko uku kafin dare, ya kuma riga abokinsa shiga layi. Idan tara ta tsaya a kansa shi kaɗai, an hukunta wanda ya fi kowa rauni an bar wanda ya ɗora masa nauyin. Kamata ya yi takardar ta tafi ga mai motar, kamfanin sufurin da motocinsa suka yawaita laifi kuma a dakatar da lasisinsa, ƙungiyoyin direbobi su ma a sa su a ciki, tunda su ne ke rubuta lokacin tashin kowace mota kuma sun fi kowa sanin wanda ke isowa da wurin da hankali ba zai ɗauka ba. Ita kanta tarar a yi mata hawa-hawa, wanda ya ɗara ƙa'ida da kaɗan a karon farko a yi masa gargaɗi ko tara mai sauƙi, wanda ya zabga 150 kuma ya ji a jikinsa. A Birtaniya laifin gudu yakan jawo aƙalla maki uku a kan lasisi, wanda ya tara 12 cikin shekara uku yakan rasa izinin tuƙi na wani lokaci, kuma wannan ya fi kuɗi tsoratar da mai hali. Finland kuwa gwargwadon samun mutum take yanka tarar babban laifi. Mu da ba mu da cikakken bayanin samun kowa ba za mu iya kwaikwayon wannan ba tukuna, amma tsarin maki yana cikin dokarmu, aiwatarwa ya rage.

Wata hujjar da ake kawowa ita ce ta tsaro, cewa a hanyar da ake fargabar masu garkuwa da mutane ba a cewa direba ya tafi a hankali. Wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Kaduna a shekarun da abin ya yi ƙamari ba zai raina wannan magana ba. Amma 100 ba tafiyar hawainiya ba ce, kuma shingen da 'yan bindiga suka gitta ba a tsallake shi da 140, sai dai a afka masa. A gaskiya ma kyamara tana rage buƙatar tsayar da motoci a daji, kuma na'urar da ke karanta lambar kowace mota da lokacin wucewarta tana iya taimaka wa masu binciken motar da aka sace ko aka yi ɓarna da ita, matuƙar doka ta fayyace wanda ke da ikon duba bayanan da tsawon lokacin da za a ajiye su.

Amsar da direban nan ya ba dattijuwar ita ce ta fi tsaya mini a rai. Mun yi imani da ƙaddara, amma addinin da ya koya mana ita shi ne ya ce a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah, shi ne kuma ya hana mu jefa kanmu cikin halaka. Wanda ya ɗauki rayuka bakwai ko goma a motarsa amana ya ɗauka, kuma idan gangancinsa ya kashe su, a shari'a akwai diyya da kaffara a kan kisan kuskure, ba a rufe maganar da "haka Allah Ya so" kawai. Ina fatan limamanmu za su riƙa ɗauko wannan batu a huɗuba, musamman gab da Sallah da ƙarshen shekara lokacin da tituna ke cika, kuma ina fatan mu fasinjoji za mu daina barin tsohuwa ɗaya tana magana mu muna sunkuyar da kai.

Ba sai an jira kuɗin da za a rufe ƙasa duka da kyamarori ba. A fara da Zariya zuwa Kano, tunda titin ya gyaru kuma yana ratsa garuruwa da kasuwannin bakin hanya irin su Kwanar Gafan, inda a lokacin tumatir mutane da motoci suke cakuɗewa a kan kwalta. A yi wata uku ana aika saƙon gargaɗi kawai ba tare da tara ba, ana shelantawa a rediyo da tashoshin mota, sannan a fara hukunci. Bayan shekara guda hukuma ta fito da adadin waɗanda suka mutu a wannan yanki kafin kyamara da bayanta, da abin da aka tara da inda aka kashe shi, jama'ar Kura da Ciromawa da Tashar Yari su duba su faɗi ko a ci gaba zuwa Kaduna.